Robert Noble: Likitan da ya fita neman maganin suga, ya dawo da maganin sankarar jini

A shekarar 1952 wata ambulan ta iso ɗakin binciken magunguna na Jami'ar Western Ontario, a wani gari na ƙasar Kanada da shi ma ake kira Landan. Abin da ke cikinta busassun ganye ne guda 25 na wani fure da ake shukawa a ƙofar gida domin ado. Ganyen sun fito ne daga tsibirin Jamaika, inda talakawa ke dafa su kamar shayi suna sha, bisa imanin cewa suna maganin ciwon suga. Wanda aka aiko wa saƙon shi ne Dakta Robert Laing Noble, mai shekara 42 a lokacin.

Noble ya gwada ganyen, ya tarar ba sa maganin suga ko kaɗan. Amma bai jefar da su ba. Shekara shida bayan haka, daga irin ganyen nan aka fitar da wani sinadari da ya buɗe ƙofar warkar da wasu nau'o'in sankarar jini waɗanda a da hukuncin kisa ne ga duk wanda suka kama. Tarihin mutumin nan ya nuna abin da ake samu idan aka ɗauki ilimin gargajiya da muhimmanci har aka gwada shi da gaskiya. Ya kuma nuna yadda ake rabon suna da riba da lafiya bayan an gama gwajin.

Gidan likitoci da kwabon rabo

An haifi Robert Noble ranar 3 ga Fabrairun 1910 a birnin Toronto. Mahaifinsa likita ne, haka ma wansa Clark, wanda ya girme shi da shekara goma. Labarin wan nan nasa ne ya share fagen nasa labarin.

A shekarar 1921 wani likita mai suna Frederick Banting ya samu izinin yin bincike kan ciwon suga a ɗakin gwajin Farfesa John Macleod na Jami'ar Toronto. Macleod ya ware ɗalibai biyu da za su taimaka masa, Charles Best da Clark Noble. Sai suka jefa kwabo domin a san wanda zai fara. Kwabon ya faɗa wa Best, shi ne kuma ya zauna a kan aikin har aka gano insulin, allurar da miliyoyin masu ciwon suga ke rayuwa da ita zuwa yau. A 1923 aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel. Banting ya raba kasonsa da Best, Macleod ya raba nasa da James Collip, masanin da ya tace sinadarin har ya dace da jikin ɗan Adam. Clark Noble ya yi nasa aikin a cikin binciken, amma sunansa bai shiga bakin duniya ba. Daga baya ya koma duba marasa lafiya a Toronto, zuciyarsa kuwa ba ta rabu da batun ciwon suga ba.

Ƙanen ya bi sahun gida. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Toronto a 1934, sannan ya haye zuwa Landan ta Ingila, inda ya yi digirin digirgir a ƙarƙashin Charles Dodds, masanin sinadaran da jiki ke sarrafawa domin tafiyar da girma da haihuwa. Da ya dawo Kanada sai ya kama aiki a Jami'ar McGill da ke Montreal, tare da Collip ɗin nan na insulin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun yi bincike kan abubuwan da suka dami sojoji, kamar jiri da aman da ke kama mutum a jirgin ruwa, da yadda jiki ke durƙushewa bayan mummunan rauni. A 1947 Collip ya koma Jami'ar Western Ontario, Noble ya bi shi a matsayin mataimakinsa.

Tun kafin zuwan ambulan ɗin Jamaika, Noble ya riga ya saba da sauraron masu maganin gargajiya. Ya yi aiki a kan wani tsiro mai suna Lithospermum, wanda matan wasu ƙabilun asali na yammacin Amurka ke jiƙawa su sha domin tazarar haihuwa. Ɗabi'arsa ita ce ya karɓi abin da aka ce, ya kai shi ɗakin gwaji, ya bar sakamako ya yi magana.

Shayin da bai yi aiki ba

Ganyen 25 sun taso ne daga Jamaika, suka zo hannun Clark. Da yake Clark ba shi da ɗakin gwaji, sai ya tura wa ƙanensa. Masana a lokacin suna kiran tsiron Vinca rosea, yanzu kuma Catharanthus roseus. Asalinsa daga tsibirin Madagaska ne, amma jiragen ruwa sun daɗe da yaɗa shi a ƙasashe masu zafi.

Aka dafa ganyen aka shayar da dabbobin gwaji. Sugan jininsu bai motsa ba. Wani likita mai suna Johnston da ke garin Black River a Jamaika ya riƙa aiko da ganye, aka sake gwadawa, sakamakon bai sauya ba. A nan ne mai bincike da yawa zai rufe littafi. Noble ya yi tunanin ko ciki ne ke lalata sinadarin kafin ya isa jini, don haka ya sa a yi wa ɓeraye allurar ruwan ganyen. Suga dai bai sauka ba, sai dai bayan 'yan kwanaki ɓerayen suka fara mutuwa, jikinsu duk maruru. Ƙwayoyin cutar da lafiyayyen ɓera ke iya murƙushewa ne suka cinye su, alamar cewa wani abu ya rushe garkuwar jikinsu.

Wadda ke ƙirga ƙwayoyin jinin ɓerayen a ƙarƙashin madubin likita wata matashiyar ma'aikaciya ce 'yar ƙasar Poland, Halina Czajkowska, wadda daga baya aka sani da Halina Robinson. Ta tsira daga sansanin Auschwitz na 'yan Nazi kafin ta iso Kanada. Ita ce ta lura cewa fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun da ke kare jiki, suna zubewa warwas bayan allurar. Da aka duba ɓargon ɓerayen, inda ake ƙera ƙwayoyin, aka tarar shi ma ya daina aiki.

Daga nan tambayar ta juya. Sankarar jini cuta ce da ɓargo ke haukacewa yana ta zubo fararen ƙwayoyin jini marasa amfani, har su cushe wurin lafiyayyu, mutum ya yi fari fat, ya riƙa zubar da jini, zazzaɓi ya ƙi sauka. Idan akwai abin da ke cikin ganyen nan mai kashe fararen ƙwayoyin jini, to wataƙila gubar ɓera ta zama maganin mai sankara. Noble ya ajiye batun suga, ya bi wannan sawun.

Shekara huɗu ana tankaɗe

Sanin cewa akwai wani abu a cikin ganye daban, kama shi daban. Tsiron yana ɗauke da sinadarai masu kama da juna fiye da 100, wanda ake nema kuwa ɗan mitsitsi ne a cikinsu. A 1954 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Ingila da ya yi karatu a Oxford, Charles Beer, ya shigo aikin. Shi ne ya yi ta rarrabe ruwan ganyen kashi-kashi, ana yi wa ɓeraye allurar kowane kashi ana ƙirga jininsu, a ajiye wanda ya yi aiki a sake rarraba shi. Da ganyen Jamaika ya kasa isa, sai aka koma shuka tsiron a rumfunan gilashi a Ontario. A 1958 Beer ya fitar da sinadarin tsantsa. Suka raɗa masa suna vincaleukoblastine, aka gajarta shi zuwa vinblastine.

A wannan shekarar suka gabatar da sakamakon a wani taron masana a birnin New York. Takardar da suka buga ta fito fili ta amsa cewa dace ya taka rawa a binciken. Sunaye uku ne a kanta: Noble, Beer da James Cutts. Babu sunan matar da ta fara ganin abin da ke faruwa a jinin ɓerayen. Sai bayan shekaru da dama masu tarihin likitanci suka tono rawar da ta taka.

A taron ne kuma ta bayyana cewa ba su kaɗai ke bin furen ba. A kamfanin magunguna na Eli Lilly da ke Indianapolis a Amurka, Gordon Svoboda ya ji labarin cewa a ƙasar Filifin ma ana shan tsiron domin ciwon suga. Shi ma bai ga tasiri a kan suga ba, amma abokin aikinsa Irving Johnson ya tarar ruwan ganyen yana tsawaita ran ɓerayen da aka sa wa sankarar jini. Ɓangarorin biyu suka haɗa hannu. Jami'a tana da sinadari, kamfani yana da kuɗi da injinan da za su sarrafa tan-tan na ganye. A 1959 aka fara gwada vinblastine a jikin marasa lafiya a asibitin Princess Margaret da ke Toronto. A 1961 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi, kamfanin ya fitar da shi kasuwa da sunan Velban. Svoboda ya ciro ɗan uwansa vincristine daga tsiron, aka amince da shi a 1963 da sunan Oncovin.

Yadda maganin ke aiki

Duk ƙwayar halitta idan za ta rabu gida biyu, sai ta ja wasu siraran zaruruwa daga wannan gefe zuwa wancan, kamar yadda masaƙi ke jan zare kafin ya fara saƙa. A kan zaruruwan ne ake raba kayan gadon ƙwayar, kowane ɓangare ya samu nasa. Vinblastine da vincristine suna manne wa tubulin, sinadarin da ake murza zaren da shi, sai zaren ya kasa haɗuwa. Ƙwayar ta maƙale a tsakiyar rabuwa, ta mutu. Da yake ƙwayoyin sankara ba su da aiki sai rabuwa, su ne suka fi jin jiki.

Bambancin ginin sinadaran biyu ɗan ƙanƙane ne, amma aikinsu ya sha bamban. Vinblastine ya fi tasiri a kan cutar Hodgkin, sankarar da ke kumbura kaluluwar wuya da hammata, wadda ta fi kama matasa. Vincristine kuma ya zama ginshiƙin maganin nau'in sankarar jinin da ta fi kama ƙananan yara. Babu wanda ke warkarwa shi kaɗai. Likitocin Cibiyar Sankara ta Amurka, irin su Emil Frei da Emil Freireich da Vincent DeVita, su ne suka gano a shekarun 1960 cewa sai an haɗa magunguna huɗu masu kai hari ta fuskoki daban-daban. A farkon shekarun 1960, cikin yara goma masu wannan cuta da wuya ɗaya ya rayu. Yau a ƙasashe masu arziki kusan tara cikin goma suna warkewa, kuma har yanzu vincristine na cikin allurar farko da ake yi musu.

Wannan ba ya nufin shan ruwan ganyen zai warkar da kowa. Wani binciken masana da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ana buƙatar busasshen ganye kimanin kilo 500 kafin a samu giram ɗaya na vinblastine, da kimanin kilo 2,000 domin giram ɗaya na vincristine. Wanda ya dafa ganyen ya sha, tarkacen sinadarai masu guba zai haɗiya, ba magani ba. Tataccen maganin ma wuƙa ce mai baki biyu. Vincristine yana taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo, yatsu su mutu, ciki ya ɗaure. Ta jijiyar jini kaɗai ake ba da shi, bisa awo, kuma idan aka yi kuskuren zuba shi a ruwan laka kisa yake yi.

Inda labarin ya ratsa Afirka

A shekarar 1958 ɗin da Beer ya fitar da sinadarinsa, wani likitan fiɗa a asibitin Mulago na Kampala a Yuganda, Denis Burkitt, ya buga bayanin wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara cikin 'yan makonni. Bincike ya nuna ta fi yawa a yankunan Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro, har da Najeriya da Kamaru da Ghana. Ita ma dangin sankarar jini ce, tana da saurin kisa, amma tana da saurin jin magani. Vincristine ya shiga jerin magungunan da ake yaƙarta da su. A Ibadan, likita ɗan Kamaru Victor Anomah Ngu yana cikin waɗanda suka nuna cewa allura na iya narkar da kumburin.

A 1972 aka ba mutum 16 kyautar Lasker ta Amurka saboda nasarar magance sankara da magunguna. Burkitt da Ngu suna ciki, haka Frei da Freireich da DeVita. Noble da Beer, waɗanda suka samar da ɗaya daga cikin makaman, ba sa ciki. Kwabon da ya tsallake wa, ya kusa tsallake ƙane.

Kura da shan bugu

Idan masu bincike sun yi ƙorafin suna, akwai waɗanda ko ƙorafin ba a ji daga gare su ba. Velban da Oncovin sun shigar wa kamfanin da ya sayar da su maƙudan daloli shekara da shekaru. Madagaska, mahaifar tsiron, ba ta samu kaso daga kuɗin haƙƙin mallaka ba. Haka Jamaika da Filifin, inda talakawa suka nuna wa masana hanya. Wannan ne ya sa furen ya zama misalin da ake yawan kawowa idan ana maganar wawure albarkatun halittu da ilimin ƙasashe matalauta.

Masu kare kamfanin suna da hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne. Tsiron ya riga ya bazu a duniya tun kafin a san amfaninsa. Masu gargajiya ciwon suga suka ce yana magani, ba sankara ba, kuma gwajin bai gaskata su ba. Kuɗi da shekarun da aka zuba wajen tace sinadarin da gwada shi ba daga Madagaska suka fito ba. Sai dai duk da haka tambaya ɗaya ta ƙi kwanciya: a cikin dubban tsirrai, me ya sa ɗakunan gwaji biyu da ba su san da juna ba suka ɗauki wannan? Amsar ita ce mutanen da ba su da digiri sun riga sun lura cewa yana yin wani abu a jiki. Sun yi kuskuren cutar, amma ba su yi kuskuren tsiron ba.

Duniya ta yi yunƙurin gyara daga baya. Yarjejeniyar kare bambancin halittu da aka ƙulla a Rio a 1992 ta amince cewa kowace ƙasa ce ke da iko da albarkatun halittunta. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi neman izini da raba amfani da al'ummar da aka ɗauki iliminta. Amma ba ta waiwayi abin da aka riga aka kwashe ba. Amurka ba ta tabbatar da ta Rio ba har yau, Kanada kuma ba ta shiga ta Nagoya ba.

Rabon da ya fi ciwo shi ne na lafiya. Haƙƙin mallakar magungunan biyu ya daɗe da ƙarewa, suna da araha, kuma suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk da haka hukumar ta ce yayin da fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara ke warkewa a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe matalauta da dama ba su kai kashi 30 ba. Ana kai yaro asibiti a makare, babu kayan gwajin da za su tantance cutar, magani ya yanke a tsakiyar jinya, ko iyaye su sayar da gona da dabbobi kuɗin ya ƙare su koma gida. Arahar ma ta zama matsala, domin kamfanoni ba sa ɗokin sarrafa abin da ba ya kawo riba. A 2019 kamfanin Teva ya daina yin vincristine, aka bar Pfizer shi kaɗai a kasuwar Amurka, sai ga asibitocin yara a can suna lissafin wanda za a fara yi wa allura. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin kai adadin yaran da ke warkewa zuwa aƙalla kashi 60 cikin 100 nan da 2030.

Ƙarshen tafiya

Noble bai tsaya cin gajiyar furen ba. A 1960, tun kafin maganin ya shiga kasuwa, ya koma birnin Vancouver ya shugabanci cibiyar binciken sankara ta Jami'ar British Columbia, Beer ma ya koma can. Ya sake rungumar fagen da ya fara da shi a Ingila, wato yadda sinadaran haihuwa ke haddasa sankara ko ciyar da ita. Wani jinsin ɓerayen gwaji da ya raina, wanda ake kira Nb daga sunansa, ya zama kayan aikin masu binciken sankarar mama da ta mafitsara a ƙasashe da yawa. Ko bayan ya yi ritaya bai bar ɗakin gwaji ba.

Karramawa ta zo masa da yamma. Wansa Clark ya rasu a 1978. A 1988 aka ba Robert lambar girmamawa ta ƙasar Kanada. Ya rasu ranar 11 ga Disamban 1990 yana da shekara 80. A 1997 aka shigar da sunansa tare da na Beer cikin zauren tunawa da manyan likitocin Kanada, kuma ƙungiyar yaƙi da sankara ta ƙasar tana ba da kyauta da sunansa.

Abin da ya bari ya wuce sinadari ɗaya. Bai raina shayin talakawan Jamaika ba, bai kuma gaskata shi ido rufe ba. Ya gwada, ya faɗi cewa bai yi aiki ba, sannan ya tsaya ya duba dalilin mutuwar ɓerayen da wani zai kwashe ya zubar. Wannan darasi ne ga masu tallar maganin sankara a bakin kasuwa da kafafen sada zumunta ba tare da gwaji ba, darasi ne kuma ga gwamnatocin da ke barin ɗakunan binciken jami'o'insu babu wuta babu ruwa.

Furen yana nan yana tsirowa a harabar makarantu da asibitocin Afirka ta Yamma, mai fari da mai ruwan hoda, ba ya buƙatar ban ruwa sosai. A cikin wasu asibitocin da yake yi wa ado akwai yaran da ke jiran allurar da aka fitar daga ganyensa fiye da shekara 60 da suka wuce.